Gyaran injin askin karnuka da haɗa bakuna kafin bazara: littafin aiki daga Damagaram

3 ga Fabrairu 2025

Abin da ke kan tebur yau: injin aski biyu na gwanjo, bakunan inji biyar, wato ƙarafan da ke yankan gashi (lamba 10 guda biyu, lamba 30, lamba 7 mai gibin haƙora, da 5F), matajin ƙarfe ɗaya, da manjagarar gashi. Niyya ita ce kafin zafi ya kankama a Maris da Afrilu a samu inji ɗaya lafiyayye da bakunan da za su ishi aiki, don a lokacin ne masu karnuka masu dogon gashi ke fara neman mai aski. Karnukanmu na gida da na Azawak ba sa cikin wannan lissafi, gashinsu gajere ne, ba a sa musu inji sai in za a ɗinke rauni. Aikin na su kanish ne da bishon da Lasa, karnukan waje masu dogon gashi waɗanda ake kawowa daga Kano ko Yamai. Su gashinsu ba ya daina tsiro.

Inji na farko daga Amurka ya fito, a jikinsa an rubuta 120V 60Hz, kuma irin mai maganaɗisu ne. Na jona shi ta taransifoma, ya tashi da ƙara mai tsanani, yana ɗaukar zafi, yankan babu ƙarfi. Dalili a fili yake. Irin wannan inji bugun wutar lantarki yake bi: a wuta mai bugu 60 bakin yana kai da kawowa sau 7,200 a minti, a tamu mai bugu 50 kuwa sau 6,000, kuma sifirin ɗin cikinsa an daidaita shi ne da ɗaya daga ciki. Taransifoma tana sauke 220 zuwa 120, amma ba ta taɓa bugun. Juya babban sukurun da ke gefe ya rage ƙarar kaɗan, bai gyara komai ba. Na ajiye shi gefe. Ko da lafiyarsa ƙalau ma, mai maganaɗisu na gashin mutum ne, ba shi da ƙarfin ratsa gashin kare mai kauri.

Na biyu shi ne abin aiki: 230V 50Hz, moter mai juyi, gudu biyu, bakinsa irin wanda ake ɓallewa a sa wani, samfurin A5. Kamfanin Oster ne ya fara wannan samfuri, yanzu bakunan Andis da na Wahl masu wannan mazauni duk suna hawa inji ɗaya. Yana tashi, amma yana ɗaukewa in an motsa igiya, bakin kuma yana rawa.

6 ga Fabrairu

Alhamis, Kasuwar Dole. Man keken ɗinki kwalba biyu 1,000, giris fari 1,500, ƙananan sukundireba 2,000, buroshin haƙori mai tauri 500, igiyar wuta mita 3 a kan 1,500, ƙaramin sikelin rataye 2,500, akwatin roba mai murfi 2,000. Jimla sefa 11,000.

8 ga Fabrairu

Na buɗe inji na biyu. Ramukan iska a toshe suke da gashi da ƙura har sun daskare. Shi ya sa jikinsa ke ɗumi tun bai yi aikin kirki ba. Na share da buroshi, na hura da famfon keke. Tsohon giris ɗin cikin giya ya koma baƙi, in ka murza shi tsakanin yatsu kana jin rairayi. Na kwashe shi tas, na sa sabo gwargwadon ƙwayar gyaɗa. In ya fi haka sai ya malalo ya bi gashi.

Gawayin moter guda biyu da saura, sun haura rabin tsawonsu, na mayar da kowanne yadda na ciro shi, domin fuskarsa ta riga ta ci daidai da inda take gogawa. Igiya ta karye ne daga ciki, daidai inda ta shiga gindin inji, wurin da take yawan lanƙwashewa. Na canza ta gaba ɗaya, kuma daga yanzu ba za a nannaɗe ta a jikin inji ba, ratayewa za a yi.

Abu biyu ne ke sa baki rawa a irin wannan inji. Na farko harshen roba, wanda ke shiga ramin mayankin sama yana kaɗa shi hagu da dama. Sabo gefensa a miƙe yake, wannan kuwa ya cinye ya zama mulmulalle, don haka ba ya kai mayanki ƙarshen tafiyarsa. An yi sa'a akwai guda na ajiya a kwalin, na sa shi. Na biyu maƙalar da baki ke hawa. Sukurorinta biyu sun saki, na ɗaure. Sifirin ɗinta ya fara sanyi, da yatsa kawai na iya tura ta, alhali lafiyayya sai an sa ƙarfi. Za ta yi maneji, amma ta shiga jerin abin saye.

11 ga Fabrairu

Ranar bakuna. Kowane baki guda shida ne: farantin ƙasa mai dogayen haƙora wanda ke kwanciya a fata, mayankin sama, sifirin da ke danne mayankin, 'yar robar da ke tsakanin sifirin da mayanki, mazaunin da ke hawa maƙala, da sukurori biyu. Don wankin yau da kullum ba a kwance sukuru. Tura mayankin ake yi gefe har rabinsa ya fito, a share, a tura shi ɗaya gefen a share, a mayar. Kada a fitar da shi duka, mayar da shi ƙarƙashin sifirin yana yanke robar.

Lamba 30 da lamba 10 guda ɗaya suna da kyau. Ɗaya 10 ɗin tsatsa ta fara cin hanyar da mayanki ke bi, na jiƙa shi da kananzir, na goge, na busar sosai, sannan na sa mai. Kananzir na wanki ne kawai, in ya rage a haƙora yana ƙona fatar kare. Na ɗiga masa jan farce a baya don a gane shi, shi zai zama bakin aikin datti.

Abu biyu na auna a kowanne. Ƙarfin sifirin: na maƙala sikeli a mayanki na ja shi gefe, abin da ake so ya motsa tsakanin kilo 1 da 1.5. Ƙasa da haka gashi yana shiga tsakanin farantan biyu, sama da haka baki yana zafi da wuri kuma yana cin harshen roba. Lamba 7 ya wuce kilo 2, wani ya taɓa matse shi da filaya, na sassauta shi. Sai tazarar haƙora: dole kan haƙoran mayanki ya tsaya bayan na farantin ƙasa, a lamba 10 kimanin kaurin katin banki ko ɗan fiye, kuma layin biyu su tafi daidai daga wannan kusurwa zuwa waccan. In mayanki ya leƙo ko da a kusurwa ɗaya, zai yanki fata.

13 ga Fabrairu

Hazo ya rufe gari. Ban yi komai ba sai naɗe kowane baki a tsumma mai ɗan mai da rufe su a akwati.

17 ga Fabrairu

Na zauna a kan jerin abin da za a saro daga Kano. Ƙa'idar lambobin ita ce, gwargwadon girman lamba gwargwadon gajartar gashin da baki ke bari. Lamba 40 tana barin milimita 0.25, ta likita ce in za a yi tiyata. Lamba 30 rabin milimita, 15 kuma 1.2, lamba 10 milimita 1.5, 7F 3.2, 5F 6.3, 4F 9.5. Tsakanin kamfani da kamfani akan sami ɗan bambanci, shi ya sa ya fi kyau a karanta milimitar da aka zana a bayan bakin. Wannan awon kuwa na wanda ya bi kwanciyar gashi ne. In aka saɓa mata, wato daga wutsiya zuwa kai, askin yana gajarta sosai, 4F sai ya fito kusa da 7F.

Harafin F na nufin haƙoran duk tsayi ɗaya ne, a jere ba gibi. Mai gibi kuwa dogo ɗaya, gajere ɗaya. Amfaninsa yana haɗiyar gashi mai kauri da sauri, illarsa gibin ya isa fata ta shige. Fatar hammata, ta kwiɓi inda cinya ta haɗu da ciki, da gefen kunne duk sirara ne masu naɗewa. A ra'ayina lamba 7 mai gibi ba ta da wurin zama a hannun wanda bai gwanance ba, kuma yaron da ke taya ni aiki ba zai taɓa ta ba. Na sa ta ƙasan akwati.

Lamba 10 ita ce uwar aiki: fuska, hammata, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya, da shiga ƙarƙashin gashin da ya dunƙule. Haƙoranta a matse suke, da wuya fata ta shiga. Ana buƙatar biyu masu kyau don a riƙa sauyawa. Jiki kuma 7F ko 5F ko 4F, ya danganta da abin da mai kare ke so. Abin da ya fi 4F tsawo, matajan ƙarfe da ake ɗorawa a kan lamba 30 sun fi araha da sayen baki daban-daban. Ba a ɗora su a kan 40, haƙoranta sirara ne, suna karyewa in sun bugi matajin.

Mai kawo kayan ya ce sai farkon wata.

22 ga Fabrairu

Kare na farko, Lasa mace daga Sabon Gari, kuma matsala ta farko. An kawo ta da rana tsaka, gidan sun ce an yi mata wanka jiya. Daga sama gashin fari ne fes. Na sa 5F, ya tafi lafiya daga wuya zuwa tsakiyar baya, daga nan ya fara taunar gashi, yana figa maimakon yanka, karyar tana zabura. Na tsaya, na share, na sa mai, babu canji. Da na tura mayankin gefe na duba a hasken rana, sai ga zane-zane sirara a fuskar ƙarfen biyu, da jar ƙasa laɓe a gindin haƙora. Na buɗa gashinta har fata a kan ƙugu: rairayi ne kwance a wurin. Wankan bai wuce saman gashi ba, kuma a ƙasa ta kwana.

Wannan shi ne babban abin da ke kashe baki a garin nan, ba rashin ingancin ƙarfe ba. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen baki tauri. In ta shiga tsakanin faranti biyu masu gogar juna sau dubu biyu zuwa huɗu a minti, daidai yake da tela ya sa almakashinsa a samfefa. Bakin da zai yi watanni a kan gashi mai tsabta, kare ɗaya mai ƙasa ya isa ya dakushe shi.

Na ƙarasa ta da lamba 10 mai jan farce bayan an sake wanka. Tsarin da na kafa daga yau: a fara taje gashi a busasshe don dunƙule su fito, a hura ƙurar waje, a yi wanka sau biyu da sabulun karnuka ana cuɗawa da yatsu har fata, a ɗauraye sai ruwan da ke zuba ya fito garau, a busar ƙayau, sannan inji. Ɗanyen gashi yana maƙalewa a haƙora, kuma yana kawo tsatsa. Bayan wanka kare ba ya sauka ƙasa, a kan tebur zai bushe. Ƙaramin kare yana cin kusan bido ɗaya mai lita 25, na saya 150 wurin mai ga-ruwa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram in bazara ta shigo, to dole kuɗinsa ya shiga farashin aski. Duk da haka bido ɗari ma ba su kai kuɗin baki ɗaya na asali ba.

26 ga Fabrairu

5F ya mutu. An kai shi wurin wani mai washin wuƙaƙe da almakashi, ya ce yana yi wa masu aski. A kan dutsen inji mai gudu ya ɗora shi, a bushe, tartsatsi na tashi. Ya dawo kan haƙoran mayanki sun yi shuɗi, alamar zafi ya sassauta ƙarfen, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Farantin ƙasa kuma gefe ɗaya ya fi ci, in ka haɗa su ka ɗaga sama kana ganin haske ta tsakani. Kuɗin washi 500, asarar baki kuwa ta haura jika 20, wato sefa 20,000.

Bakin inji ba a wasa shi kamar wuƙa. Ba gefen haƙori ake ci ba, fuskar da faranti biyu ke haɗuwa ake gogewa, kuma a masana'anta ana yi mata ɗan kwarmi wanda ido ba ya gani, don kan haƙoran su fi ko'ina matsuwa da juna. Babban faifai na musamman ake yi da shi, da garin washi. Na cire sifirin da mazauni da sukurori na ajiye, za su yi amfani. Ba zan maye 5F yanzu ba, matajin milimita 6 a kan lamba 30 zai tsaya a madadinsa.

4 ga Maris

Azumi ya shigo, aiki ya koma safiya da bayan la'asar. Na gwada washin hannu a kan 10 mai jan farce, tunda shi ba abin tsoro. Gilashi mai kaurin milimita 6 sefa 2,000, samfefar ruwa lamba 400 da 600 da 1000 sefa 1,500.

Na kwance bakin, na shafe fuskokin da za a goge da baƙar maka. Samfefa a jiƙe, a shimfiɗe sumul a kan gilashi. Yatsu biyu a tsakiyar ƙarfe, dannawa kaɗan, ana zagayawa kamar rubuta 8, ana juya kan ƙarfen lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya fi ci. Da tawadar ta goge daga kan haƙora duka da dugadugin baya, an gama da 400, sai 600, sai 1000. Wanki da kyau ya biyo baya, don ƙwaya ɗaya ta samfefa in ta rage za ta rushe aikin. Na mayar, na daidaita tazara, na ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, domin ɗaure ɗaya gaba ɗaya yana karkatar da mazauni.

Gwaji a kan zaren ulu: yana yanka tsaf a tsakiya da kusurwoyi biyu. A kan gashi kuma ya yi aiki, sai dai ya fi saurin zafi, domin yanzu fuskokin a shafe suke, ko'ina yana gogar ko'ina. Hukuncina: washin gilashi ya isa ga bakin datti, amma sababbin bakuna ba za su hau shi ba. Na sa a tambaya mini a Kano ko akwai mai faifan washi na gaske.

8 ga Maris

Kaya sun iso. Lamba 10 na asali 19,000, 7F 21,000, 4F 24,000, wani lamba 10 mai araha 7,000, harshen roba uku 9,000, maƙala 6,500, matajan ƙarfe 15,000, man inji na ainihi 3,500, kuɗin mota 3,000. Jimla 108,000.

Sabon baki yana zuwa da wani shafi na hana tsatsa. In ba a wanke shi ba sai ya yi kamar dakusasshe. Na zuba ruwan wankin baki a murfin gwangwani, zurfin da zai rufe haƙora kaɗai, na kunna inji na tsoma na 'yan daƙiƙu, kan inji na kallon ƙasa don kada ruwa ya gangara cikin moter, na goge, na sa mai. Mai arahar yana ƙara a kan inji. Kunnuwan mazauninsa biyu sun buɗe da yawa, na matse su da filaya kaɗan ƙwarai, ƙarar ta tafi. In aka zarce, baki ba zai hau ba sam.

Na canza maƙala. Ga yaron aiki na maimaita: ana zura baki a maƙala tana buɗe, a kunna inji, sannan a danna shi ya kulle. In inji a kashe yake, harshe ba ya samun raminsa, sai ya tauye. In maƙala ta rufe babu baki a kai, da sukundireba mai faɗi ake ɗago ta.

12 ga Maris

Kanish biyu, 4F a jiki, 10 a fuska da ciki, 30 a tsakanin tafin ƙafa. Lafiya lau.

15 ga Maris

An kawo berje, wato karen gadin nan na Jamus, babba, yana haki.

"Malam, a kwashe masa gashin nan duka, zafi zai kashe shi."

"Ranka ya daɗe Alhaji, wannan ba a yi masa ƙwal. A ba ni awa ɗaya a ga abin da zai fita ba tare da inji ba."

Gashin berje hawa biyu ne: na sama mai tsauri wanda ke tare rana, da na ƙasa mai laushi wanda ke zubewa da kansa in sanyi ya wuce. Abin da ke dafa karen shi ne mataccen na ƙasan da ya cushe ya hana iska kai wa fata. In aka aske duka, rana ta sami fata kai tsaye, na ƙasan kuma ya riga na saman fitowa, gashin ya dawo a hargitse, wani wurin ma yakan yi watanni bai tsiro ba. Kare kuma ba ta fatar jiki yake fitar da zafi ba kamar mutum, ta haki ne, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Wanka, busarwa, manjagara bin kwanciyar gashi, har buhun leda ya cika. Inji bai taɓa shi ba sai ƙarƙashin wutsiya da lamba 10. Na roƙi a sama masa inuwa da ruwan sha da ba ya yankewa, a daina ɗaure shi a kan siminti da rana.

Ko ga masu gashin da ake askewa ma, ba na son sauka ƙasa da 7F a jiki a wannan rana tamu, musamman farin kare mai jar fata.

20 ga Maris

Zafi ya sauka sosai, kuma zafin baki ya zama abin lura na farko. A gudu na biyu lamba 10 tana kai inda ba za ka iya riƙe ta a cikin wuyan hannu ba kafin minti goma. Fatar kare ta fi ta mutum sirantaka, kuma ƙunar ba ta nunawa nan take, sai an koma gida a ga wurin ya yi ja, kare yana lasa yana sosa.

Abin da ke aiki: gudu na ɗaya a fuska da ciki, na biyu sai a jiki mai kauri. Taɓa baki a wuyan hannu duk bayan 'yan mintuna. Da ya yi ɗumi a ɓalle shi a kifa a kan tayil a inuwa, a sa ɗan'uwansa. Tayil yana janye zafin da sauri. Ba a tsoma shi a ruwa.

Mai kuma ɗigo biyar ne, inji na tafiya: uku a kan haƙora, hagu da tsakiya da dama, sai ɗaya-ɗaya a dugadugin baya inda mayanki ke zamewa. A bar shi ya zagaya, a kashe, a goge rarar. Kowane minti goma zuwa sha biyar. Da na kwatanta, man keken ɗinki yana yi, sai dai ya fi saurin bushewa, a riƙa ƙarawa. Man gyaɗa yana yin danƙo ya kama baki, baƙin man mota ya yi kauri kuma bai dace da fata ba. Feshin sanyaya baki da ake sayarwa yana sanyayawa, amma yana wanke mai, duk wanda ya fesa sai ya sake ɗigawa.

25 ga Maris

Aiki mafi wuya zuwa yanzu: bishon da ya daɗe ba a taje shi ba, gashin ya dunƙule ya zama faifai ɗaya daga kafaɗa zuwa cinya, cike da ƙarangiya. A nan dokar wanka kafin aski ba ta aiki, ruwa yana ƙara ɗaure dunƙulen. Wannan ita ce ranar bakin jan farce.

Da farko laluben kaska da yatsu, a kunne, wuya da tsakanin yatsun ƙafa, a cire su, don in baki ya bi ta kansu jini ne. An sa takunkumi, kuma sai da na ga takardar rigakafin haukan kare kafin ya hau tebur. Baki ba ya ratsa dunƙule, ƙarƙashinsa yake bi, ta 'yar tazarar da ke tsakaninsa da fata. A kwantar da shi a shafe, hannun hagu yana miƙe fata, kada a ja dunƙulen sama, domin fatar tana biyo shi ta shiga gaban haƙora. Almakashi ba ya zuwa kusa. A ciki a tuna da nonuwa, namiji ma yana da su, galibi takwas zuwa goma, a ɗora yatsa a kan kowanne kafin a wuce. Kunne a shimfiɗa shi a tafin hannu, a aske daga tsakiya zuwa gefe, ba a bin tsawon gefen, akwai wata 'yar aljihun fata a can ƙasa da ke shiga haƙora. Na gargaɗi masu shi su lura da kaɗa kai, don kunnen da aka sauke wa nauyin dunƙule yakan tara jini in kare ya yi ta kaɗa shi.

A ƙarƙashin gashin kafaɗa sai ga tabo zagayayye mai ɓawo, kamar makero. Na tsaya nesa da shi, na tura su wurin likitan dabbobi. Makero yana kama mutum, kuma baki yana ɗaukarsa daga kare zuwa kare. Alkol kaɗai ba abin dogaro ba ne a kansa. Na kwance bakin, na fitar da kowane silin gashi, na wanke da sabulu, na jiƙa minti goma a ruwan jabel, wato bilic, kashi ɗaya cikin goma, na ɗauraye, na busar nan take, na sa mai. Jabel yana cin ƙarfe, shi ya sa daga yau lamba 10 mai arahar nan shi ne na karnuka masu ciwon fata, an ware masa leda tasa.

3 ga Afrilu

Bayan Sallah aiki ya ƙaru. 7F ya fara barin layi-layi a bayan kare. Na sa 4F, shi ma haka. In bakuna biyu suka yi laifi iri ɗaya, a duba inji. Harshen da na sa a Fabrairu har ya cinye, ƙura tana cin roba kamar yadda take cin ƙarfe. Na canza, layin ya ragu amma bai ɓace ba. Da la'asar na lura muryar inji tana sauka tana tashi. Mita ta nuna wuta tana faɗuwa ƙasa da 190 a lokacin da kowa ya kunna fanka. Inji ya rage gudu, hannu bai rage ba, gashi yana wucewa ba a yanke shi ba. Na sayi regilata ƙarama, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, 18,000. Layi ya tafi.

10 ga Afrilu

Abin da aka kashe daga farko, ban da ruwa da sabulu: sefa 141,000. Bakunan da ke aiki: 10 guda biyu na sauyi, 10 na datti, 10 na ciwon fata, 30, 7F, 4F. Harshen roba biyu a ajiye. Share ramukan iska ya koma kowane mako, giris kowane wata.

Na gaba: an sami labarin mai faifan washi a Kano, zan fara aika masa 10 na datti a ga hannunsa kafin a ba shi na asali. Zan gwada mayankin farar tangaran a kan 10 guda ɗaya, tunda bai kai ƙarfe ɗaukar zafi ba, sai dai yana fashewa in ya faɗi, don haka sai an shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashin tebur tukuna. Ana kuma duba ƙaramin inji mai batir don fuska da ƙafa da lokacin ɗaukewar wuta. Irin mai baki ɗaya da ake juyawa daga 9 zuwa 40 ba ya karɓar bakunan A5, kuma batirinsa ba ya son caji cikin zafin rana, sai da dare. Kafin damina a Yuli za a nemo ƙullin garin shan danshi irin na kwalin takalmi a zuba a akwatin bakuna, a kuma ƙara 7F na biyu.